Kifin da Ya Sake Daskarewa

Bayan bautar ƙasa ban sami aiki ba, sai kawuna ya sa ni a ɗakin sanyinsa da ke Yelwa. Kifin teku muke sayarwa, ni da ban taɓa ganin teku ba. A Legas ake sauke shi daga jirgi, a loda a tirela mai firji, ta yi kwanaki a hanya kafin ta iso Mubi. Mata masu suya ne ke saya kwali-kwali, su kai unguwanni.

A wurinmu da ƙwanƙwasawa ake gwada kifi. In kwali ya yi ƙara kamar dutse, magana ta ƙare. Sai dai na taɓa karantawa cewa kifin da ya narke ya sake daskarewa shi ma haka yake ƙara.

Wani zuwa firjin motar ya tsaya a hanya. Direba ya ce na ɗan lokaci ne. Da muka sauke, na ga jini ya daskare a gindin kwalayen, kifayen sun manne da juna. Na faɗa wa kawu.

Ya ce, "Ɗan boko, ƙwanƙwasa ka ji."

Na ƙwanƙwasa. Ya yi ƙara.

Washegari wata dattijuwa 'yar Michika ta zo. Ta daɗe tana suya a bakin titi a Nassarawo, mutane na cin kifinta ba sa ko dubawa, da shi kuma take riƙe da jikokinta.

Ta ce, "Ɗana, kai ka yi karatu. Wannan yana da kyau?"

Kawu na tsaye a bayana. Na ce, "Da alama dai, Mama. Ina ganin kamar ba laifi."

Ta yi dariya. "Kai ko sunanka aka tambaya, 'wataƙila' za ka ce." Ta ɗauki kwali biyu.

Na ji an ce kifin ya dagargaje a mai, wasu kuma cikinsu ya ɓaci. Ba zan rantse kifin ne ba, don damina ce, ruwan sha ma ba shi da kyau. Amma masu sayen kifinta suka koma wurin wata mai suya a tsallaken titi.

Dattijuwar ba ta zo ta yi mini faɗa ba. Ba ta kuma dawo ba.

Bara na wuce ta wurinta, na tarar tana gasa masara. Ta gane ni, ta tambayi lafiyar kawu, ta ce ko na sami aiki. Na ce ana dai nema.