Hawainiyar da Baba Ya Ƙi a Saya Masa

A wani shagon sayar da dabbobi a unguwar Harlem na ga hawainiyar, cikin akwatin gilashi. Na ɗauka busasshen ganye ne, sai ganyen ya juya ido. Baba ya tsaya cak. Tun da na kawo shi ƙasar nan bayan rasuwar Inna, ban taɓa ganin ya tsaya kallon wani abu ba. Abinci ma sai da lallashi, yana ta ramewa a gabana, ni kuwa na nace sai ya zauna, don ba ni da kowa a nan.

Kada ka ɗauka irin hawainiyar da ka sani ce, mai rikiɗa. Wannan ba ta wuce yatsa ba, jelarta guntuwa, launinta na ruɓaɓɓen ganye. A gefen kurmin da ke bayan gonarmu a tsaunin Mambila na san ta. Tana yini a ƙasa cikin ganyaye masu laima tana lasar ƙananan ƙwari, da yamma ta hau ɗan tsinken da bai kai gwiwa ba ta kwana. In ka ɗauke ta sai ka ji jikinta yana kaɗawa a tafin hannunka, ko ta sandare kamar ta mutu. Ban taɓa tarar da biyu wuri ɗaya a cikin ganyen ba.

Kowace shekara kafin a sa wa gona wuta, sai Baba ya tsuguna yana juya ganye da hannu, ya tattara hawainiyoyin cikin hularsa ya kai bakin rafi. Maƙwabta sun gama ƙona tasu, mu muna nan kamar an dasa mu. Suna yi masa tsiya wai ya zama makiyayin hawainiya, shi kuwa ko a jikinsa. Ni ce mai jin haushin, ga yunwa, ga sanyin tsauni yana ratsa ƙashi.

A shagon na ce bari in saya masa ita, ko ta ɗebe masa kewa in na tafi aiki asibiti. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya girgiza kai.

"Bar ta, 'yar nan. Ba ta kuka ne, shi ya sa suke zaton ta saba."

Muka fita daga shagon ba mu saye ta ba. Kafin sanyin shekarar ya shigo na raka shi filin jirgin sama na JFK ya koma Mambila, na dawo gida ni kaɗai a jirgin ƙasa.

Yanzu in na taso daga aiki ina yin sallama a ƙofa, ba mai amsawa. Kewa ta ishe ni, ba zan ɓoye maka ba. A waya Baba ya ce yana cin tuwo sosai, har ya yi kumatu. Amma an sare kurmin, masara ce har bakin rafi, kuma daminar nan kaf yana juya ganye bai ga ko ɗaya ba.

Na tambaye shi ko zai dawo wurina, tunda abin ya zama haka. Ya ce a'a, bai gama dubawa ba.