Falwaya Saba'in da Biyu na Malam Muntari

Daga ƙofar gidan da Malam Muntari yake haya a Ɗorayi zuwa masaƙar da yake aiki a Sharaɗa, falwayar lantarki saba'in da biyu ce. Shekara goma sha ɗaya yana bin hanyar bai taɓa ƙirgawa ba, saboda hira. Su huɗu suke tafiya, shi da Lawan da Garba da Ɗan'auta, duk 'yan aikin safe. Karan sigari ɗaya suke kunnawa, yana zagayawa hannu zuwa hannu. Iyalinsa suna ƙauye wajen Ringim, don haka hirarsa ta yini duka ita ce wannan tafiyar.

A 1983 ƙafarsa ta hagu ta fara ciwo. Falwaya huɗu, sai sharaɓarsa ta ɗaure kamar an matse da igiya, dole ya tsaya.

"Malam, ko dai a saya muku sanda?" in ji Garba.

"Ku bar tsoho ya sha iska," in ji Ɗan'auta, suka yi dariya.

Sati biyu suna jiransa. Ranar da aka rufe musu ƙofar masaƙa su duka, suka daina.

Likita ya taɓa bayan ƙafar, ya ji ta sanyi ƙalau. "Malam, hanyar jini ce ta tsuke. Ku bar taba yau, ba gobe ba. Ku yi tafiya har ta yi ciwo, ku huta, ku ci gaba, kullum. In ba haka ba, wata rana sai an yanke."

Sai ya koma fita minti arba'in kafin sauran, shi kaɗai. Huɗu, ya tsaya. Huɗu, ya tsaya. Tsayawa goma sha bakwai kafin ya isa, ba mai ce masa sannu sai mai ƙosai. Lokacin hutu kuma ya bar bencinsu, don hayaƙin yana kiransa. Burinsa ɗaya, ƙafar ta yi ƙwari ya koma cikin abokansa.

Wata uku, falwaya tara. Wata takwas, ashirin da huɗu, tsayawa biyu kacal. Ya ce wannan kam za su iya jira.

Ran Litinin ya tsaya a kwanar da suke haɗuwa. Sai ga su a kan kekuna, sababbi fil, ko ledar ba a cire ba.

Lawan ya taka burki. "A'a, Malam! Kuna nan ashe? Ku hau baya mana, minti goma mun isa."

Ya dubi kariyar keken. In ya hau yau, gobe ma zai hau.

"Ku je, Lawan. Ni an hana ni."

"To, Allah ya ƙara sauƙi."

Suka buga ƙararrawa suka wuce. Ya gyara zaman kwanon abincinsa a hammata, ya bi gefen titi.