Goggo Mu-ga-hannu

Kafin masu shaguna su gama ɗaga ƙofofinsu, ta riga ta sauka daga mota a bakin layin masu gyara, da lema a hammata da takalmin da ya ga duniya. Ofis tana da shi, har da kujera mai juyawa, amma masu shara sun fi ta sanin kujerar nan. Aikinta ba wuya a faɗe: gwamnati tana horar da mutane a cibiyar koyon sana'a, kuma duk mai kamfani ko shago da ya ɗauki ɗaya, tana taya shi biyan albashi na wasu watanni. Ita an sa ta ne ta tabbatar wanda aka ɗauka yana zuwa. Kiran waya ma ya isa.

Amma ina! Ita ba ta tambayar ko kana zuwa. Tsayawa take a gabanka, ta gyara tabarau ta ce, "Mu ga hannu." Daga nan sunan ya bi ta. Teloli sun ce sawun almakashi take nema, masu walda sun ce ɗigon ƙuna. In ta ga tafi sumul, to mai shago ya shiga uku, don ta san ajiye mutum aka yi ana karɓar tallafi da sunansa, ranar da tallafin ya ƙare a sallame shi bai iya komai ba.

Ni a kan yayana na san ta. Yaya ya manyanta a aikin kula da sito, gemu ya fara fari, sai kamfanin ya rufe. Ga iyali, ga 'yarsa ta fari tana tsakiyar karatun jinya. Ya danne zuciya ya zauna benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa, ya koyi gyaran firji. Aka tura shi wani shago, muka yi ta murna. Kullum sai ya dawo da riga fes, ni kuwa sai tsokana: "Yaya, firji kuke yi ko fira?" Ya yi murmushi kawai. Ashe abin na cin sa.

Mai shagon ba mugu ba ne, wallahi, kunya ce ta yi masa yawa. Yaya ya girme shi nesa ba kusa ba, sai ya ba shi kujera a gaban fanka yana kiransa Baba. Yaya ya miƙa hannu zai ɗauki sufana, sai ya ce, "Haba Baba, ina tsaye?" Shi ma Yaya nauyin baki ya hana shi cewa a ba shi aiki. Ƙarshen tallafi na matsowa, kuma kowa ya san ƙaramin shago ba ya iya riƙe mai zaman kujera.

Mai shagon da kansa ya ba ni labarin ranar da Goggo ta zo, yana sosa ƙeya. Ta dubi tafin Yaya, ta dubi kujerar, ta juyo kansa.

"Ɗana, me wannan bawan Allah ya yi maka?"

"Ni? Wallahi Goggo kamar uba na ɗauke shi."

"Shi ne za ka mayar da ubanka gida hannu rabbana? In tallafi ya tsaya, da me za ka riƙe shi, da gaisuwa?" Ta waiwayi Yaya. "Kai kuma Malam, gemu ka kawo musu ko hannu? Tashi."

Ta sa aka jawo wani mataccen firji, ta janye kujerar ta zauna daram, ta ce ba ta tashi sai ya yi sanyi. Yaya ya durƙusa, mai shago na nuna masa yana, "Yi haƙuri Baba, ba nan ba," ita tana, "Daina ba shi haƙuri, gaya masa!" Sai da rana ta yi sanyi firjin ya yi gurnani. Bayan nan ma ta yi ta leƙowa ba sanarwa. Da tallafi ya ƙare ba wanda ya ɗaga zancen sallama, don a lokacin masu kawo gyara Baba suke tambaya.

Ke ce, Goggo, mai yin aikin zaune da ƙafa. Ke ce kika gane ba mugunta kaɗai ke hana mutum sana'a ba, har ladabi yana yi. Masu shagon da kika wanke tas su ne yau ke tsallako titi su gaishe ki.

Makon jiya ta ajiye aiki, aka taru a farfajiyar cibiya. Yaya ya zo a makare daga wurin gyara, ya laɓe a baya da hannuwa a aljihu don bai samu wankewa ba, 'yarsa na gefensa cikin fararen kayan asibiti. Goggo ta hango shi, ta katse mai jawabi.

"Mu ga hannu."

Ya fito da su baƙi ƙirin, ga tabon ƙuna a yatsa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta cire tabarau ta goge ido. "Kada ka wanke," in ji ta, "sai an yi mana hoto." Ni da ke tsokanarsa, kuka na yi, ban ma ɓoye ba.

Mun gode, Goggo. Allah ya huta gajiya, ya ba ƙafafun nan lafiya. Ku kuma da za ku gaje ta, ku sayi lema da takalmi mai ƙwari, ku shiga shago ku dubi hannu. Kujerarta tana nan sabuwa fil, don Allah ku bar ta a haka.