Ƙeyar Illo a Hanyar Yamai

Filinge zuwa Yamai

Tun kafin kiran assalatu na kama hanyar tasha. Ƙungiyarmu ta magoya bayan Illo, ɗan kokawar ƙauyenmu, ita ta aike ni Yamai in bugo mana riguna iri ɗaya kafin karawar yankinmu na Kurfai ta ranar Lahadi. Lokacin mulkin soja ne, shinge ko'ina.

Taken da muka zaɓa shi ne "Kurfai ba ta durƙuso." Tambarin ne ya ba mu wahala. Mun so fuskar Illo, shi kuwa ya ce atafau, bokan abokin karawarsa zai samu hoton ya yi masa aiki a ido. Da ƙyar ya yarda aka ɗauke shi ta baya. Haka na shiga mota da hoton ƙeya a aljihu.

A Bonkuku muka sha fura, a Baleyara taya ta fashe. Da la'asar na iske mai buga riguna. Ya juya hoton sama, ya juya ƙasa, ya ce, "Malam, kabewa ce?" Raina ya ɓaci, amma aikinsa ya yi kyau: riga ruwan ɗorawa, ƙeya baƙa wuluk a tsakiyar ƙirji, har da ninkin wuya.

Komowa

Daf da Filinge wani saje ya kwance ƙunshina. Ya karanta taken, ya ƙura wa tambarin ido.

"Wane na wanga da ya ba gwamnati baya? Kuma wa anka ce shi durƙusa mai?"

"Ranka shi daɗe, ɗan kokowa na."

"Ina shaida? Mutum ba huska?"

Ya sauko da fasinja duka, ya jera mu muna kallon daji, yana bin ƙeyoyinmu da riga a hannu. Ta direba ta fi kama, aka zaunar da shi a benci. Direba ya rantse ko ɗan'akuya bai taɓa kayarwa ba.

Dole na aika a kira Illo. Ya zo a amalanken jaki, ya sauka da baya da baya, don kada saje ma ya ga idonsa. Aka gwada, ninki ya yi daidai da ninki. Saje ya sake mu, ya zare riga guda mafi girma ya ce ta bincike ce.

Na iso gida lafiya, na gode wa Allah, na gode wa direban da har yau ba ya amsa gaisuwata.

Ran Lahadi muka cika fili, ƙeya ta ko'ina, kalangu na tashi. Kamu ɗaya aka ɗaga Illo sama aka maka shi da ƙasa. Ya tashi yana dafe da bayan kansa, ya nufo ni kai tsaye.

"Ka gani? Nan ɗin da kunka buga, nan na faɗi. Da huska ta, da yanzu ban da haƙori ko guda."