Gariba da Teburin Gindin Darbejiya

Gariba ba ya sayen ko silifa sai ya zagaye kasuwar Aboabo kaf. Ni maƙwabcinsa ne, Ɗankande mai aski, shagona na jingine da rumfarsa ta ɗinkin kujerar babur, kuma na sha ganin mai tumatir ta gaji da cinikinsa ta ce ya je Allah ya haɗa shi da wata. Siriri ne, furfurarsa a gemu kaɗai ta tsaya, ba ya ɗaga murya. Mahaifinsa falke ne da ya zo Tamale da kanwa ya zauna. A nan Aboabo aka haifi Gariba, a nan ya koyi ɗinki, a nan ya auri Fusena. In ka cire masallaci da kasuwa, ba na jin akwai inda yake zuwa.

Abin da ya sa aka san shi ba ɗinki ba ne, sinuka ce, wasan nan na zura ƙwallaye a rami da sanda a kan tebur. A gaban shagunanmu akwai wata tsohuwar darbejiya, a gindinta kuma teburin sinuka na Hajiya Hawawu mai koko, wanda marigayi mijinta ya kafa a kan siminti tun muna samari. A kan teburin nan Gariba ya fara riƙe sanda, kuma tun da hannunsa ya nuna ba a taɓa cin sa ba. Wasu na buga ƙwallo kamar suna fasa dutse. Shi kuwa taɓa ta kawai yake yi, ta tafi a hankali kamar ba za ta kai ba, sai ta lanƙwasa da kanta ta faɗa rami. Na ga samari sun zo daga unguwar Sakasaka da kurinsu sun koma suna cewa asiri ne. In aka gayyace shi wani wuri sai ya ce kwastoma na jiransa, mai son wasa ya zo ya same shi.

Bara sai ga ƙungiyoyi biyu sun ɓullo a gari, kowace na son haɗa 'yan sinukar unguwanni su riƙa gasa, kowace kuma na son sunan Gariba. Basit, shugaban ta Sakasaka, shi ya fara zuwa da sabon babur da turare.

"Baba Gariba, namu ba wasan yara ba ne," in ji shi. "Akwai jesi, akwai kofi, wanda ya ci kuma za mu kai shi Kumasi. Duk wasa a hol guda ake yi, da fanka da komai."

Bayan kwana biyu Fataw ya zo, shugaban ɗaya ƙungiyar, a ƙafa, yana share gumi.

"Massa, maigida, mu ba mu da jesi. Amma kowa a tebur ɗinsa zai karɓi baƙi, yau a gidanka, gobe a gidan wani. Kuma duk wanda ya shiga, muna gyara masa tebur kyauta. Sabon ƙyalle, sabon bol, komai."

Wayyo, mun sha wahala. Wata guda Gariba yana auna ƙungiyoyin nan kamar mai zaɓen suruki. Ya tambayi ko jesin na shan gumi. Ya tambayi wa zai tsare masa rumfa in ya tafi Kumasi. Ya ce kofi ƙura yake tarawa, amma kuma fanka abu ne mai daɗi a watan zafi. Yana kan kujerata ina masa aski yana lissafo amfanin wannan da na waccan, har na ce masa in bai yi shiru ba zan yanke masa kunne. Fusena ta ce ita dai duk wadda ba za ta hana shi dawowa cin tuwo ba. A ƙarshe abin da ya rinjaye shi shi ne gyaran tebur. Ƙyallen ya yage a wurare da dama, shi yake ta masa faci da ragowar ledar kujera, kuma yana jin nauyin Hajiya Hawawu da ba ta da halin sauyawa. Ya zaɓi ƙungiyar Fataw, duk muka ce ya yi tunani.

Mai gyaran, Usumanu, ya zo wata Talata da kayansa a bayan babur. Ya shimfiɗa sabon ƙyalle kore shar. Daga nan ya ɗora ma'aunin nan na magina mai ɗigon ruwa a ciki, ya duba, ya sake dubawa, ya kama baki.

"Kai! Saiwar bishiyan nan ya ɗaga siminti. Tebur ɗin duk ya kwanta gefe ɗaya."

Ya sa muka ɗaga masa, ya cusa 'yan katakai ƙarƙashin ƙafafu biyu har ɗigon ruwan ya tsaya a tsakiya. Muka sa masa albarka. Gariba da kansa ya saya masa ruwan sanyi. Wallahi babu ko mutum ɗaya a cikinmu da ya kawo komai a ransa. Hajiya Hawawu ta lulluɓe teburin da tamfol ta ce babu mai taɓa shi sai ranar gasa, kamar kayan Sallah.

Ranar Asabar bayan la'asar 'yan unguwar Gbalahi suka iso. Wanda aka haɗa da Gariba wani manomi ne, Suhuyini, da taɓo a ƙafar wandonsa, wanda da bakinsa ya ce bai daɗe da koyon wasan ba. Har tausayinsa na ji. Unguwa ta cika, masu babur sun tsaya a bakin titi, Fusena ma ta leƙo daga nesa.

Gariba ya goga alli a kan sanda, ya sunkuya, ya yi taɓawar nan tasa. Ƙwallo ta tafi a hankali, muka buɗe baki za mu yi ihu, sai ta wuce ramin ta daki bango. Ba ta lanƙwasa ba. Aka yi dariya, aka ce sabon ƙyalle ne. Ya sake samun dama, ya sake kuskurewa, a gefe guda, da tazara iri guda. A karo na uku babu wanda ya yi dariya. Suhuyini, bawan Allah, yana ta zura ƙwallayensa ɗaya bayan ɗaya yana waiwayenmu kamar mai neman gafara. Da baƙar ƙwallo ta ƙarshe ta faɗa, wurin ya yi tsit har ana jin injin niƙa na layin baya. Ni dai na zauna a kan bencin koko ban san na zauna ba.

Gariba ya ɗauki farar ƙwallo ya gangara ta da hannu a hankali, ta tafi sak har ƙarshen tebur. Ya juya wurin Usumanu.

"Nawa ka ɗaga?"

Usumanu ya nuna masa kaurin yatsa guda.

A nan abin ya faɗo mana gaba ɗaya. Saiwar ba a rana ɗaya ta ɗaga simintin ba. Kaɗan-kaɗan take turawa shekara da shekaru, hannun Gariba yana binta bai sani ba. Baƙi su zo su yi ta kuskure, shi kuwa ƙwallonsa na gangara inda ƙasa ta karkata. Da ya zaɓi ƙungiyar Basit ma da ya sha kashi a hol ɗinsu, amma da ya dawo ya tarar da teburinsa yadda ya bar shi, ya ce fanka ce ta ɗauke masa hankali. Mutumin da ya auna komai ya zaɓi abu guda da ba shi da wurin komawa.

Makon nan Fusena ta ce mini tuwo ma sai ta yi da gaske yake ci. Yana ɗinki, ya ba teburin baya.

Da wasan gida na biyu ya zo, da 'yan wata unguwa, da ƙyar Yazeed, kyaftin ɗinmu, ya lallashe shi ya fito. Gariba ya sunkuya ba kuzari, ya taɓa. Ƙwallo ta tafi, ta tafi, sai ta lanƙwasa ta faɗa rami kamar da. Unguwa ta ɗauki ihu. Ni har na jefar da tawul ɗin aski sama.

Shi kaɗai bai motsa ba. Ya ajiye sanda, ya durƙusa da gwiwoyinsa, ya leƙa ƙarƙashin tebur. Katakan babu su.

"Yazeed, kawo."

"Baba, don Allah. Ba wanda ya sani. Sunanka ne fa."

"Na ce kawo."

Yazeed ya zaro su daga aljihun wando, kansa a ƙasa. Ashe tun da safe ya cire. Gariba ya roƙi baƙin su taya shi ɗagawa, suna kallon juna cikin mamaki, ya mayar da katakan da hannunsa, ya ciro ƙwallon da ta faɗa ya mai da ita kan tebur. Sannan aka ci shi, ci mai muni, a gaban kowa. Ban taɓa jin haushin mutum da ganin girmansa a lokaci guda kamar ranar ba.

Yanzu kullum da hantsi, kafin kwastoma su fara zuwa, za ka gan shi shi kaɗai yana koyon miƙa ƙwallo sak, da furfurarsa, yana kuskurewa yana sakewa. Har yau bai ci wasa ko ɗaya a gasar ba, kuma bai fasa zuwa ba. Rannan yana kan kujerata ina gyara masa gemu, ya daɗe yana kallon darbejiyar ta madubi.

"Ɗankande," ya ce, "ashe duk shekarun nan bishiya kuke tafa wa."

Na tsayar da askar, don ni na fi kowa tafi.