Tukunyar da Ta Kife a Hanyar Pandharpur

A ƙauyensu da ke bayan garin Phaltan, kowa ya san Anusaya Khandagale da abu biyu: gurasar dawa da kuma baki. Gurasarta takan kwana ba ta yi tauri ba. Bakin kuwa, ko karnukan unguwa sun san muryarta. Mijinta Dattu, kafin ya rasu, da zarar ya ga ta fara soke bakin zanenta na sari a ƙugu sai ya saɓi fartanya ya ce zai leƙa albasa, ko da kuwa an riga an cire albasar an kai kasuwa.

Ba muguwa ba ce. Ita ke fara isa gidan haihuwa, ita ke jinyar wanda dangi suka gaji da shi. Tun tana amarya ta karɓi carbin tulsi, wani itace mai tsarki a wurinsu, ta rataya a wuya, ta ɗauki alkawarin da masu bautar Vitthal, abin bautar da gunkinsa ke garin Pandharpur, ke ɗauka: ba cin nama, ba ƙarya, kuma duk mutumin da ka gani, ka ga Vitthal a cikinsa. Nama ta bari ba wahala. Ƙarya dama ba ta iya ba, gaskiya ce ma ta yi mata yawa. Na ƙarshen nan ne ya gagare ta har ta yi furfura.

Kowane farkon damina takan bi ayarin ƙauyensu su taka da ƙafa zuwa Pandharpur, suna waƙa suna kaɗa kugen tagulla, motar kaya na biye da su. Ita ce mai girkin ayarin. A shekarar da abin ya faru, yayar mijinta Shewanta ta ce ita ma za ta. Tsohuwa ce tukuf, hannunta na rawa, 'ya'yanta maza biyu suna Mumbai sun daina ko kiran waya. Kowa ya ce ta haƙura, ta ce sai ta ga Vitthal sau ɗaya kafin ta mutu a ƙona gawarta.

Ranar, tun safe ake tafka ruwa. Aka yada zango a filin wata makaranta da ya koma taɓo. Itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika wa Anusaya ido, mutane kuma sai leƙowa suke suna tambayar ko an sauke. Da ƙyar miyar wake ta nuna. Anusaya ta juya ta ɗauko gishiri ke nan, Shewanta, da ke neman abin da za ta taimaka da shi, ta sa tsumma ta kama kunnen tukunyar. Tukunya ta sulluɓe. Miyar ayari guda ta bi taɓo.

"Wa ya aike ki?" Anusaya ta daka mata tsawa. "Na ce wa ya aike ki? Ba ki iya tafiya, ba ki iya aiki, sai ci! Kaya ce ke, Yaya, kaya! Ai shi ya sa 'ya'yan da kika haifa ma suka sauke ki suka gudu!"

Masu kaɗa kuge suka tsaya. Shewanta ta ajiye tsumman. Ta durƙusa a taɓon tana tattara waken da tafin hannu tana mayarwa cikin tukunya, har wata mata ta zo ta ɗaga ta.

Kafin a gama cin gurasa da ɗanyar albasa, fushin ya sauka, abin da ya fi shi ciwo ya hau. Anusaya ta zagaya bayan mota ta cire carbin daga wuyanta ta ƙulle a bakin sari. Mai irin wannan bakin, in ji ta, ba ta cancanci itacen tulsi ya taɓa fatarta ba. Washegari ta ɗauki azumi. Ta daina waƙa. Ta cire takalmi ta riƙa bin tsakuwa da gangan. Shewanta kuwa ta koma zama a motar kaya, abinci ma sai na ayarin maƙwabta take karɓa.

Anusaya ta gasa gurasa mai laushi ta shafe da man shanu ta aika mata. Aka dawo da ita ko gutsura ba a yi ba.

Abin haushin, horon da take yi wa kanta bai gyara komai ba. Yunwa ta ƙara mata zafin rai. Ta yi wa direba faɗa a kan inda ya tsayar da mota, ta yi wa mai yankan albasa faɗa, sannan ta koma gefe tana dukan goshinta tana cewa, "Kin kuma! Kin sake kumawa!"

Wata rana da hantsi, da aka tsaya hutawa a gindin tsamiya, Gangadhar, dattijon da ke jagorantar waƙar ayarin, ya zo ya zauna kusa da ita yana matsa gwiwa.

"Anusaya, ina carbinki?"

"Na cire, Baba. Ban kai ba."

"Oho. Da can da kike sanye da shi kin kai ke nan?"

Ta yi tsaki ta kawar da kai. "Baba, don Allah kar ka tsokane ni. Ina jin kaina."

"Ai mu ma muna jin ki, har ayarin da ke bayanmu suna jin ki. Tunda kika fara tuban nan babu wanda ya huta." Ya yi 'yar dariya, sannan ya gyara zama. "Ki gaya min, azumin nan naki, cikin Shewanta ya shiga? Ƙafarki da kika farfasa, tata ta warke?"

"To me zan yi? Na aika mata gurasa ta dawo da ita!"

"Gurasa ce ta zage ta?"

Gangadhar ya ci gaba:

"Da kina fushi da ita, yanzu kina fushi da kanki. Fushin dai shi ne, mutum kawai ya sauya. Kuma duk kwanakin nan ba Shewanta a ranki, ba Vitthal a ranki, sai Anusaya da laifinta. Shi Vitthal da ke tsaye can Pandharpur hannu a ƙugu yana jiranmu, kina tsammanin tsarkaka yake jira? Da tuni ya gaji ya zauna. Ba lada ba ne carbin nan, magani ne. Mayar da abinki, ki sha ruwa, ki je inda kika yi ɓarna."

Ta mayar da carbin, amma da ƙunƙuni. Zuwa wurin Shewanta ya fi mata taka tsakuwa wuya nesa ba kusa ba. Sai da ta kewaya motar ta dawo, ta sake kewayawa, sannan ta hau. Ta tarar da tsohuwar zaune a kan buhun dawa. Ta faɗi ta kama ƙafafunta ta ɗora goshi a kai, kuka ya ƙwace mata.

"Yaya, ki yafe min. Bakina ne, Yaya."

"Tashi, kina jiƙa min ƙafa."

"Ba haka nake nufi ba, na rantse."

"Haka kike nufi," in ji Shewanta, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Kuma gaskiya kika faɗa, sun sauke ni. Da ƙarya ce da tuni na manta."

Anusaya ta saki ƙafafun ta zauna. Ta zo da shirin a zage ta ko a rungume ta, ba ta samu ko ɗaya ba.

"Ban ce na yafe ba," tsohuwar ta ci gaba. "Amma na gaji da warin man motar nan. Da ƙafata na ce zan je. In za ki riƙe ni, to."

Haka Anusaya ta miƙa ludayi ga wata, ta zama sandar Shewanta. Matar da ta saba wuce maza a hanya, ga ta tana jan ƙafa kamar mai tallan ƙwai. Tsohuwa ta ce ruwa, a tsaya. Ta ce fitsari, a tsaya. Ta ga mai sayar da ayaba, a tsaya a yi ciniki, a ƙarshe ta ce ba ta so. Ayarinsu ya yi musu nisa har suka daina jin kugensa. Sau da yawa maganar takan taso wa Anusaya har maƙogwaro, sai ta damƙe carbin ta cije haƙora tana cewa, "Vitthal, Vitthal, Vitthal."

"Wannan kiransa kike yi ko zaginsa?" in ji Shewanta.

"Yaya, ki taka kawai."

Da suka isa Pandharpur, layin shiga ɗakin ibada ya fita gari. Shewanta ba za ta iya tsayuwar ba. Suka yi wanka a kogi, suka tsaya cikin turmutsutsu inda ake hango ƙololuwar ginin, suka haɗa tafin hannu. Anusaya, wadda ba ta taɓa zuwa ta koma ba ta ɗora goshi a ƙafafun Vitthal ba, ta ji takaici ya tokare ta. Ta yi masa magana a fili, yadda ake yi wa na gida.

"Kai ka ba ni bakin nan, ka kuma ba ni zuciyar da ke jin ciwonsa. Na gaji. Ni dai na kasa, ga shi nan, ka san yadda za ka yi da shi."

Ba ta ji wata amsa ba. Sai dai ta ga Shewanta na kallon ƙololuwar hawaye na bin kumatunta, hannun nan mai rawa ya riƙe damtsenta gam. Ta tsaya a haka har tsohuwar ta ƙoshi da kallo.

Da suka koma gida, Anusaya ta je ta kwaso akwatin Shewanta da tabarmarta ta kawo ɗakinta. Sun zauna tare har tsohuwar ta rasu bayan damina biyu. Sun yi faɗa a kan gishiri, sun yi a kan taga. Kalmar yafiya dai ba ta taɓa fitowa daga bakin Shewanta ba, Anusaya kuma tun tana jira har ta daina.

Har yanzu tana girka wa ayari, har yanzu tana faɗa. Abin da ya sauya shi ne ta bar azumin haushi da ɓuya a bayan mota. Tana cikin yi wa mutum masifa sai ka ga ta sunkuya ta taɓa ƙafarsa, muryar ko sauka ba ta gama yi ba. Bara direban ayarin ya ja da baya a tsorace, ya ɗauka takalminsa za ta cire ta dake shi da shi.

"Tsaya mana, ɗan nan!" ta daka masa tsawa. "Haƙuri nake ba ka!"