Rigar da Bahago ya ƙi wankewa

Sunansa Mika'ilu, amma a unguwar Kusfa sai ka ce Bahago mai wanki za a nuna maka rumfarsa. Shekara talatin da wani abu yana wanki da guga a bakin rijiyar da ubansa ya haƙa. Mahauta su suka fara yi masa suna, don idan jini ya bushe a kaki, shi kaɗai ke iya fitar da shi.

Bai taɓa ɓoye dabararsa ba. Yakan ce saƙar kaki a karkace take, layi-layi, jini kuma a tsakanin layukan yake maƙalewa. Sai ya juya rigar, ya jiƙa ta a ruwan sanyi da gishiri, ya shafa sabulun salo, ya bi layin saƙar da tsohon buroshi a hankali. Wanda ya sa ruwan zafi ko dutsen guga, in ji shi, ya dafa jinin ke nan, sai dai a haƙura.

Wata Talata da hantsi Suhail, ɗan wani Alhaji da Bahago ke wa gidansu wanki, ya kawo masa riga a leda. Kakin maigadi ne, jini daga wuya har aljihu. Ya ce a gama kafin azahar, rago aka yanka.

Bahago ya san rigar, shi ya ɗinke mata maɓalli da baƙin zare. Ta Ɗanjuma ce, dattijon da ke gadin gidan. Tun a masallaci da asuba kuma ya ji an ce Suhail ya fasa wa Ɗanjuma kai don ya yi jinkirin buɗe ƙofa, kuma za a zauna gaban mai unguwa bayan la'asar.

"Ban taɓa ganin rago da ya sa riga ba," in ji Bahago. "Wannan ba zan wanke ba."

Suhail ya miƙa hannu zai karɓa, Bahago ya riƙe. Ya ce riga tana da mai ita, shi zai kai masa. Yaron ya tuna masa cewa rabin aikinsa daga gidansu yake fitowa. Bahago ya shiga ɗaki ya ɗauko manyan rigunan Alhajin a goge, ya ɗora masa a hannu.

Bahago ya kai wa Ɗanjuma rigarsa, da la'asar aka shimfiɗa ta gaban mai unguwa. Alhaji da kansa ya sunkuyar da kai, ya ɗauki nauyin magani. Ɗanjuma bai koma gadin ba, kuma daga ranar mutanen gidan ba su sake aiko wa Bahago ko hula ba.

Asama'u, matar Bahago, ta yi kwana uku tana mita, ta ce gaskiya ba ta cika tukunya. Bahago bai yi musu da ita ba. Ya ari keken maƙwabcinsa, ya fara zagayawa garejojin Ƙofar Doka yana karɓo kayan makanikai. Gwiwarsa na ciwo, amma har yau kullum da safe yana fita.